A riƙa ambaton Chet Atkins idan an sa faifan Jim Reeves

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan wani makaɗin jita da dattawanmu da yawa suka sha jin aikinsa ba su san sunansa ba. Duk wanda ya tashi yana jin muryar Jim Reeves a rediyo ko a kaset, to aikin Chet Atkins ya ji, domin shi ne furodusan da ya tsara manyan faya-fayan Reeves a kamfanin RCA da ke Nashville, tun daga “Four Walls” a 1957. Tare ma suka je wasa Afirka ta Kudu a 1962, shekara biyu kafin Reeves ya mutu a hatsarin jirgin sama. A nan gida sunan mawaƙi ake kira, a bar makaɗi. A can Amurka kuwa an karrama Atkins ƙwarai, amma akwai zargi biyu da suka bi shi har kabari: cewa shi ya narkar da kiɗan kwantiri na mutanen karkara ya mai da shi kiɗan falo, da kuma cewa kiɗansa na jita ya cika santsi, ba zafi. Na farkon yana da ƙamshin gaskiya. Na biyun kuwa, a ganina, maganar wanda bai taɓa gwada abin da hannun mutumin nan yake yi ba ce.

An haifi Atkins ranar 20 ga Yuni, 1924 a Luttrell, jihar Tennessee, gidan talakawa. Ciwon asma ya sa aka tura shi wurin mahaifinsa a Georgia, kuma saboda numfashi a zaune yake barci, jita a cinya. A 1939 ya ji makaɗin jita Merle Travis a gidan rediyon WLW na Cincinnati. Travis da yatsu biyu yake kaɗawa, babban yatsa da manuni, amma yaron ba ya ganinsa, kunne kawai yake da shi, sai ya ɗauka wannan sauti ba zai fito ba sai da yatsu uku ko huɗu. Haka ya koya, kuma daga nan salonsa ya samo asali. Ya fara aiki a rediyon WNOX na Knoxville a 1942, daga nan ya yi ta yawon gidajen rediyo ana sallamarsa, wasu suna cewa kiɗansa bai yi kama da na karkara ba, wasu kuma kunyarsa ce ta dame su. Steve Sholes, wani jami'in kamfanin RCA, ya ɗauke shi a 1947, ya shiga ƙungiyar Mother Maybelle Carter da 'ya'yanta a 1949, ya tare a Nashville a 1950.

Ga abin da ake kira santsi. Jita tsirkiya shida gare ta, ana ƙirga su daga siririya, ta ɗaya, zuwa mai kauri, ta shida. Babban yatsan dama, sanye da zoben roba mai ɗan baki, shi ke da ta shida, ta biyar da ta huɗu, wani lokaci har ta uku. Aikinsa irin na kuntuku ne a bayan kalangu: bugu huɗu, bugu huɗu, ba ya tsayawa, ba ya sauri, ba ruwansa da abin da ake yi a sama. Idan hannun hagu ya danne kod ɗin C (kod shi ne haɗin sautuka da ake dannawa tare), babban yatsa zai bi ta biyar, ta huɗu, ta shida, ta huɗu, kuma dole yatsan hagu na uku ya riƙa tsallakawa tsakanin ta biyar da ta shida a gaɓa ta uku ta wuyan jita (gaɓa ita ce tsakanin ƙarafa biyu da aka gitta a wuyan). A kan E, sai ta shida, ta huɗu, ta biyar, ta huɗu. A kan D, ta huɗu, ta uku, ta biyar, ta uku. Manuni da yatsan tsakiya, wani lokaci da na kusa da ƙarami, su ke fitar da karin waƙar a kan sirara uku.

Sirrin yana gefen tafin hannun dama. Ana ɗora shi a hankali daidai inda tsirkiyoyi masu kauri suka hau jaki, wato matashin da ke ɗauke da su a jikin jita, don sautin ƙasa ya fito gajere, dum, dum, na sama kuma ya yi ta ƙara a sake. Nan ɗalibai suke faɗuwa. Hannu ya matsa gaba kaɗan zuwa wajen wuya, sai sautin ya mutu, ka ji ƙwas kawai ba ka san wane sauti ba ne. Ya koma baya ya sauka daga kan tsirkiya, sai na ƙasa su yi ta amo su haɗiye waƙar. Ya kwanta da faɗi, sai ya taɓa ta uku da ta biyu ya shaƙe karin da ake son ji. Idan kuma jitar mai jakin da ba a manne shi ba ce, ko mai sandar girgiza sauti ta Bigsby irin wadda yake amfani da ita, dannawa da ƙarfi na iya gusar da saitin. Tazarar da ke tsakanin daidai da kuskure ba ta kai faɗin yatsa ba, kuma shi ya riƙe ta shekara hamsin a gaban jama'a.

Mai son koyo kada ya fara da waƙa. Ya sa manhajar ƙidayar bugu a waya a kan 60 a minti, ya yi babban yatsa kaɗai a kan kod ɗaya har ya iya hira da mutum yatsan bai ɓata ba. Sannan ya ƙara sauti ɗaya na sama wanda zai faɗo tare da bugu na farko, yatsu biyu su tsinko lokaci guda. Bayan wannan ya zauna, sai ya sa sautin a tsakanin bugu biyu. A wannan mataki na uku ne babban yatsa yake tsayawa yana jiran ɗan'uwansa, ko ya maimaita tsirkiya ɗaya sau biyu, saboda ƙwaƙwalwa tana ɗaukar hannun a matsayin abu guda. Maganinsa rage gudu, ba ƙara ƙarfi ba. Zoben roban ma idan bakinsa ya yi tsawo yana maƙalewa a tsirkiya, gara a goge shi ya rage kaɗan. Kod ɗin F kuma, maimakon a shimfiɗa manuni a kan dukkan tsirkiyoyi, babban yatsan hagu ake zagayowa da shi ta saman wuya ya danne ta shida a gaɓar farko, sauran yatsu su sami sukunin yin waƙa.

Akwai wani sauti mai kama da ƙararrawa da aka san shi da shi. Hagu ya danne sauti, manunin dama ya taɓa tsirkiyar, taɓawa kawai, daidai saman ƙarfen da ke gaɓa goma sha biyu gaba da inda aka danne, babban yatsa ya tsinka daga baya, a ɗage manunin nan take. Idan aka taɓa tsakanin ƙarafa biyu maimakon saman ƙarfen, ba abin da zai fito.

Kayan aikinsa ma da hannunsa a ciki. Kamfanin Gretsch ya fitar da jita mai lamba 6120 da sunansa a tsakiyar shekarun 1950. Na'urar maganaɗisun da ke ɗauko sauti a jikinta ba ta gamsar da shi ba, ga kuma gunjin lantarki, sai Ray Butts ya ƙera masa Filter'Tron mai naɗin waya biyu da ke soke gunjin. Butts ɗin ne kuma ya yi masa amfilifaya EchoSonic mai zaren kaset a ciki, wadda ke maimaita sauti sau ɗaya cikin ƙiftawar ido. Jita mai rami a ciki, idan aka ƙure murya a dandamali, jikinta yakan kama sautin lasifika ya mayar, sai ta ɗauki kuka. Shi ya sa a samfurin Country Gentleman aka rufe ramukan gaba, zanensu kawai aka bari, kuma irinta George Harrison ya riƙe a Beatles. A farkon shekarun 1980 ya koma Gibson, suka yi jita mai tsirkiyar leda, wato nailan, amma jikinta toshe, don a samu taushin leda a babban zaure ba tare da wannan kuka ba.

A dandamali ba mai tsalle-tsalle ba ne. Ba shi da barkwancin Roy Clark ko zafin Jerry Reed. Magana kaɗan, kai a sunkuye, ido a kan wuyan jita. Abin da yake ta da jama'a shi ne ya kaɗa “Yankee Doodle” da babban yatsa, yana kaɗa “Dixie” da sauran yatsu a lokaci guda, ba wadda ta taka wata. Ya yi shekaru yana yawon wasa da Floyd Cramer mai fiyano da Boots Randolph mai busa, ya yi faifai da ƙungiyar Boston Pops ƙarƙashin Arthur Fiedler, ya kuma yi wasa a fadar shugaban Amurka.

To, zargi na farko. A 1956 kiɗan rok ya kwashe matasa, cinikin kwantiri ya faɗi, Atkins kansa yana cikin makaɗan da suka yi wa Elvis Presley “Heartbreak Hotel”. A 1957 aka ba shi ragamar RCA a Nashville. Shi da Owen Bradley na kamfanin Decca suka rage goge da jitar kwance mai kuka, suka kawo fiyano da 'yan amshi irin su Jordanaires da ƙungiyar Anita Kerr, suka bar mawaƙi ya matso kusa da makirufo ya rera a hankali. Makaɗa ƙalilan ne ke yi wa kowa, zama na awa uku, waƙa uku ko huɗu. Dabarar ta ceci kasuwa, kuma ita ce ta kawo muryar Reeves har ƙasarmu. Amma an biya farashi. Willie Nelson ya yi shekaru a RCA faya-fayansa ba su tashi ba, sai da ya bar kamfanin ya koma Texas. Waylon Jennings sai da ya yi rigima kafin a bar shi ya shiga situdiyo da makaɗansa. Buck Owens da Merle Haggard a Bakersfield suka tsaya kan kiɗa mai kaifi. An sha ba da labarin cewa da aka tambayi Atkins mene ne wannan sauti na Nashville, sai ya kaɗa sulallan aljihunsa, kuma daga baya ya nuna nadamar nisan da abin ya yi. Ban ga dalilin wanke shi ba. Sai dai mai adalci zai tuna cewa a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a kudancin Amurka, shi ne ya ɗauki Charley Pride, baƙar fata, a RCA, har aka fitar da faifansa na farko ba hoto don kada gidajen rediyo su ƙi sa shi.

Zargi na biyu ya samo asali ne daga yawan faya-fayan da ya fitar a shekarun 1960, wasu an lulluɓe su da kayan kiɗa masu laushi har jitar ta zama ado. Wanda waɗannan kaɗai ya ji, ina ba shi uzuri. Amma ya nemi faifansa da Jerry Reed na 1970, da na Les Paul na 1976, da na Mark Knopfler na 1990, da wanda ya yi da Tommy Emmanuel a 1997 yana da shekara saba'in da 'yan kai. Inda aka sa shi gaban tsaransa, ba wanda zai ce babu zafi. Makaɗa ba su taɓa raba baki a kansa ba. Ya ci lambar yabo ta Grammy 14, an sa shi a zauren karrama gwanayen kwantiri a 1973, ya mutu ranar 30 ga Yuni, 2001, aka sa shi a na rok a 2002.

Roƙona ga masu gabatar da tsofaffin waƙoƙi a gidajen rediyonmu shi ne, idan sun sa Jim Reeves ko Don Gibson, wani mawaƙin da Atkins ya tsara wa faya-fayai, su faɗi wanda ya tsara faifan, su kuma sa kiɗan jitarsa ko da ɗaya ne a cikin shirin. Matasanmu masu koyon jita a Kaduna, Jos da Kano kuma su sani ba sai da Gretsch ake wannan salo ba. Jitar katako ta kasuwa ta isa, in dai tsirkiyoyin ba su yi nisa da wuya ba, kamar milimita biyu zuwa uku a gaɓa ta goma sha biyu, sai zoben roba da ya kama yatsa ba ya juyawa.

Na gode da fili. Wassalam.

Naka,
Mai koyar da kiɗan jita, Kaduna