Na ɗora kunne a kan rufin gida

Assalamu alaikum, aminina,

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin Agadas? Mu nan Kano sai godiya.

Ka tuna yadda Baba ke murza rediyonsa bayan sallar asuba yana neman BBC, in murya ta ɗauke ya ce iska ce? To, yanzu iskar nan da idona nake ganinta.

Na sayi wata 'yar na'ura kamar filashi, RTL-SDR. Don kallon talabijin aka ƙera ta, sai a 2012 aka gano cewa tana iya kama siginar rediyo tsagwaronta, daga wajen megahaz 24 har sama da 1,700. Na jona ta da wata 'yar ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi, na kafa eriya a kan rufi, na sa mata manhajar OpenWebRX, mai nuna abin da aka kama ta intanet. Wani ɗan Hungary, András Retzler, ne ya fara rubuta manhajar, ya bar ta a buɗe, kowa ya duba cikinta ya gyara. Ina zaune a shago, ta wayata nake kallon abin da eriyar gida ke ji. Kowace tasha layi ce mai haske tana gangarowa a allo kamar zaren saƙa.

Abin da ya ƙara sa min son ta, wata tasha da Inna ke saurare kullum da dare sai ta cika da ƙara. Na bar manhajar awon ƙarfin sigina, rtl_power, tana auna zangon FM har gari ya waye. Da safe sai ga shi ƙarara: tashar da ke maƙwabtaka da ita a zangon ce ke tsallake iyakarta. A da sai dai mu yi ta zargi, domin irin wannan awo na hukuma ne da manyan injinanta.

Ga abin da ke damuna. Duba taswirar KiwiSDR, na'urorin da mutane ke kafawa su jona da intanet don kowa ya saurara, masu kama gajeren zango har megahaz 30. Turai ta cika maƙil, yankinmu kuwa fayau, alhali mu ne ma'abota rediyo.

Kana da sola, kuma wajen gari babu hayaniyar janareto irin tamu. In na samu mai tahowa zan aiko maka da KiwiSDR guda, ka kafa. Ina so in ji sararin Agadas daga nan.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum.