Rahoton Kwamitin Ikilisiya kan Gyaran Famfon Unguwa

An kammala gyaran famfon burtsatse da ke bakin ƙofar majami'armu, a gefen garin Maradi inda layin ruwan gwamnati bai kai ba tukuna. Ruwa ya dawo, kuma kamar yadda dattawan ikilisiya suka tsaya a kai tun farko, famfon yana nan waje da katanga, Kirista da Musulmi kowa ya ɗiba.

Famfon irin na hannu ne, India Mark II. Da makanikin ya cire kai ya fara zaro tiyo, kowane guda mita 3, sai muka ga inda cutar take. Tsatsa ta cinye maɗaurin tiyo biyu har sun huje, shi ya sa mata ke ta bugu kafin ruwa ya hau da safe: abin da ke cikin tiyo yana zurarewa cikin dare. Robobin silinda sun suɗe saboda rairayi, sarƙa ta saki, boris ɗin hannu ya mutu. Duk an canja su, sandunan ciki kuma an sa na ƙarfen da ba ya tsatsa. Sun fi tsada, amma zaro tiyo kowace shekara ya fi su cin kuɗi.

Daɓen ne ya fi ba mu aiki. Tsohon ya tsage, ruwan wanki da fitsarin dabbobi suna kwanciya a gindin famfo, suna iya komawa cikin rijiyar. Mun fasa shi, aka zuba sabo da buhun siminti ɗaya mai kilo 50, baro ɗaya na rairayi, baro biyu na tsakuwa, aka karkata shi zuwa magudana, magudanar kuma ta faɗa ramin da aka cika da duwatsu. An lulluɓe kankaren da buhuna ana jiƙa shi safe da yamma kwana 7. A zafin Maradi, kankaren da bai sha ruwa ba tsagewa yake, komai ƙwarewar magini. Kwanakin nan mutane sun yi ta ƙorafi, limamin unguwa ne ya taimaka da sanarwa a masallaci aka ƙara haƙuri.

Bayan an zuba ruwan jabel, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka wanke rijiyar, mun kai ruwan awo. Wanda ya san abin da yawan sinadarin fulorayid a ruwan sha ya yi wa ƙasusuwa da haƙoran yaran Tibiri, garin da ke kusa da Maradi, ba zai tsallake wannan ba. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a lita, namu bai kai ba.

Mu faɗi laifinmu: famfon ya mutu ne don mun bar shi ba mai shi, babu asusu, babu mai sa masa giris. Fasto da dattawa sun zauna da mai unguwa da liman, an sanar da ofishin magajin gari, aka kafa kwamitin kula na mutum biyar daga ɓangarorin biyu, uku mata, tun da su ke wuni a wurin. Bidon (jarka) mai lita 25 dala biyar ne, wato sefa 25, tsofaffi da marasa ƙarfi ba sa biya. Za a riƙa karanta lissafin asusun a ƙofar mai unguwa kowane ƙarshen wata. Abin da ya rage shi ne kwamin shayar da dabbobi, sai bayan damina.