Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Wamkele Mene: Gwaji Ɗaya Ya Wadatar

Ranka ya daɗe, Babban Sakataren AfCFTA, wato yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka, ina gaisuwa.

Tun 1 ga Janairun 2021 aka ce an buɗe kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, bayan sa hannun da aka yi a Kigali a 2018. An yi mana alkawarin janye haraji daga kashi 90 cikin ɗari na nau'o'in kaya, mun kuwa yi murna. Amma ka fi kowa sanin cewa sau da yawa takardar shaidar inganci ce ke tsare kaya a kan iyaka, ko da an yafe harajin.

Dubi mai ƙaramar masana'antar sabulu. Ta kai samfuri ɗakin gwaji a ƙasarta, ta biya, ta jira, aka buga mata hatimi. Kaya sun isa maƙwabciyar ƙasa, jami'i ya jujjuya takardar ya ce su ba su san wannan hatimin ba, sai an sake gwaji. Kwalaye na jibge a sito, kuɗin ajiya na hauhawa kullum, mai saye ya gaji da jira ya nemi wani. Babban kamfani yana da lauyoyi da jarin da zai jure haka. Ita kuwa daga wannan tafiyar ta haƙura da fitar da kaya, alhali don irinta aka ce an ƙulla yarjejeniyar.

Ba cewa nake a daina gwaji ba, lafiyar jama'a ta fi riba. Maimaita shi ne zalunci. Rataye na 6 na yarjejeniyar cinikin kaya ai don wannan aka rubuta shi: ƙasashe su daidaita ma'aunin inganci, su kuma yarda da sakamakon gwajin juna. Ƙungiyar daidaita ma'aunin inganci ta Afirka, wato ARSO, da ke Nairobi ta daɗe tana tsara ma'aunai na bai-ɗaya. Me ya hana su aiki a bakin iyaka?

Don Allah ka matsa wa ministocin ciniki lamba. A fara ko da da kaya kaɗan ne, a fitar da sunayen ɗakunan gwajin da kowace ƙasa za ta karɓi hatiminsu, a sa ranar farawa. A shafin intanet na AfCFTA da 'yan kasuwa ke kai ƙorafin shingayen ciniki kuma, a riƙa bayyana ƙarara ƙasar da ta ƙi gyarawa. Akwai batun rubutun jikin kwali da sauya doka ba sanarwa, amma a fara da hatimin nan.

Naka,
Wani mai bibiyar harkar ciniki