Wasiƙa Kan Gwajin PCR da Tarin Fuka

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu saƙonka game da gwajin PCR da likita ya rubuta wa ƙanenka saboda tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ka kwantar da hankalinka, likitan ya yi daidai.

Kowace ƙwayar cuta tana ɗauke da nata sinadarin gado, wato DNA ko RNA, wanda ya bambanta ta da sauran. Gwajin yana nemo ɗan guntun wannan sinadari a cikin kaki ko jini, sai ya yi ta ninka shi ta hanyar zafafawa da sanyayawa, a kowane zagaye guntu ɗaya ya zama biyu, har bayan zagaye 30 guntu guda ya kai wajen biliyan, yadda na'ura ba za ta kasa ganinsa ba. Kary Mullis, wani masani ɗan Amurka, shi ya ƙirƙiro dabarar a 1983.

A kan tarin fuka ne amfaninta ya fi taɓa mini zuciya. Madubin likita ba ya hango ƙwayar sai ta yi yawa a kaki, shi ya sa ake sallamar masu cutar da dama a ce ba su da komai, su koma gida suna yaɗa ta. Rainon ƙwayar a ɗakin gwaji kuwa yakan ci makonni. Na'urar GeneXpert mai aiki da dabarar PCR, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana ba da sakamako cikin kimanin awa 2, har ta nuna ko ƙwayar ta bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan cutar, kada a ɓata watanni ana shan abin da ba ya aiki.

Sai dai gwajin ba ya rarrabe ƙwaya mai rai da matacciya, don haka idan an fara magani ba da shi ake auna samun sauƙi ba. Abin da nake roƙonka shi ne ka tabbatar ƙanenka ya kuskure baki da ruwa, ya ja dogon numfashi, ya yi tari daga can cikin ƙirji, domin kaki ake buƙata, yawu ba zai wadatar ba.

Allah ya ba shi lafiya. Ka sanar da ni sakamakon da zarar ya fito.

Naka amini.