Godiya ga ɗan otal ɗin nan na bayan tashar Sirkeci, musamman Baban dare

Assalamu alaikum. Zuwa ga manaja da dukkan ma'aikatan ƙaramin otal ɗin nan da ke lungun bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Sirkeci a Istanbul, musamman dattijon nan mai farin gashin baki da ke kwana a teburin karɓar baƙi, wanda ni da uwargida muka saka wa suna Baban dare. Na san ba Hausa kuke ji ba, to amma abin da ke raina ba zai fito daidai da wani yare ba, sai Baba ya saka wasiƙar a manhajar fassarar nan da muka yi ta fama da ita ni da shi, duk abin da ta ba shi ya yi haƙuri ya karɓa.

Ba wajenku muka nufa ba tun farko, gara in faɗi gaskiya. Wani otal daban na kama ta intanet wata guda kafin tafiyar, na biya kwana uku cif, daren Juma'a zuwa safiyar Litinin, don shekara da shekaru ina yi wa baiwar Allah nan alƙawarin zan kai ta ta ga Santambul ɗin da kakanta yake ba su labari. Jirginmu ya sauka da dare a sabon filin jirgin nan da aka buɗe a 2018, wanda yake can bayan duniya, tafiyar kusan awa guda zuwa tsohon gari, ga ruwan sama ga sanyin Nuwamba, ga mai tasi ya ce wai mitarsa ta lalace sai dai a yi ciniki, ni kuma a gajiye nake ba ni da ƙarfin musu. Muka isa otal wajen sha ɗaya da rabi. Yaron da ke tebur ko ɗago kai bai yi ba, yana ta latsa waya, na miƙa masa takarda ya duba kwamfuta kamar wanda aka yi wa dole ya ce ɗakin babu, an ba wani. Na ce an ba wani kamar yaya, ga shaidar biya a hannuna? Ya ɗaga kafaɗa. Daga baya ya ce akwai wani ɗaki a ƙasa, muka bi shi muka sauka, kai jama'a, ɗaki ba taga, warin danshi kamar an jiƙa katifa an manta da ita, kuma wai sai na ƙara kuɗi saboda ya fi wancan girma. Uwargida ba ta ce uffan ba, kallona kawai ta yi, kuma duk mai aure ya san wannan kallon.

Haka muka fito da akwatuna biyu cikin ruwa, tayar ɗaya ta karye a kan duwatsun titi ina jan ta kamar akuyar da ta ƙi kasuwa. Otal biyu muka leƙa, na farko ya ce a cike yake tun kafin in gama sallama, na biyu ya kalle mu sama da ƙasa ya faɗi wani kuɗi da na tabbata ba shi ne a rubuce ba. Naku ne na uku, kuma wallahi ban shiga da wani sa rai ba, hasken ƙofa kawai na gani.

Abin da Baba ya fara yi shi ne abin da har yau nake ba mutane labari. Bai tambayi fasfo ba, bai tambayi kati ba. Ya fito daga bayan tebur ya karɓi akwatin da ke hannun uwargida, ya ja mata kujera kusa da hita, ya miƙo mana tawul biyu, ya shige ciki sai ga shi da shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashin nan masu siririn ƙugu, ja jawur, da sukari ƙwaya biyu biyu a gefen faranti. Sai da ya ga mun sha rabi hannunmu ya daina rawa sannan ya ce to ɗan'uwa, me ya faru. Kardeshim yake ce min, ita kuma yenge, daga baya na gane ma'anarsa matar ɗan'uwa, har muka tafi bai taɓa kiranta da wani abu ba. Turancinsa kaɗan ne, nawa ma ba wani na a zo a gani ba, sai muka haɗa da ɗan guntun Larabcin makarantar allo da waya da nuni da hannu, a haka labari ya fita. Da ya ji yadda aka yi ya karɓi takardar ya buga wa wancan otal ɗin a gabanmu. Ban ji kalma ɗaya ba amma na ji sautin, bai ɗaga murya ba, a hankali yake magana kamar mai yi wa ɗansa faɗa a gaban baƙi, ya yi kusan minti goma, ya ajiye ya rubuta min abin da zan aika wa kamfanin da na yi bukin ta wajensu. Kuɗin nan sun dawo cikin asusuna bayan kwana tara. Mutumin da ba otal ɗinsa ba ne ya cuce ni, ba ruwansa, ƙarfe ɗayan dare.

Ɗakin da kuka ba mu ƙarami ne, a hawa na uku, ba lif, matattakalar kuma sai mutum ya yi gefe da akwati. Amma tsaf yake, ruwan zafi na zuwa, kuma kuɗin da ke rubuce a allon bango shi aka karɓa, ba ƙari ba ragi. Karin kumallo lafiya lau, zaitun, cuku, tumatir, zuma, burodi, ba abin kushewa.

Inda nake so in daɗe shi ne takardar taswirar da Baba ya zana mana. Kafin mu hau sama a daren, na nuna wa Baba tsarin yawon da na rubuta a waya, ina ji da kaina, na yi sati ina haɗa shi. Ya saka gilashinsa ya karanta ya girgiza kai ya yi dariya. Ashe babbar kasuwar nan mai rufi, Kapalicarshi, wadda uwargida ta fi ƙwallafa rai a kanta, na saka ta ranar Lahadi, kuma ranar Lahadi a rufe take ruf. Da haka za mu je mu tsaya a ƙofa muna kallon kwaɗo, kuma da har yanzu ana min gori. Ya yago takarda daga littafin risit ya juya bayanta ya zana mana garin da biro, ga ruwa, ga gada, ga mu nan ya yi ɗan gicciye. Ya dawo da kasuwar Asabar da yamma, ya ce kasuwar kayan ƙamshi ta Eminonu ita tana buɗewa Lahadi, a bar ta sai gobe. Ya ce fadar Topkapi, tsohuwar fadar sarakunan Daular Usmaniyya, a je da sassafe ana buɗewa kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke mutane. Ya ce ku manta da tasi gaba ɗaya, ya zaro katin Istanbulkart, na biyan kuɗin abin hawa a garin, daga aljihun rigarsa ya ba ni aro, ya nuna min a zane yadda zan zuba masa kuɗi a na'urar tasha, ya ce taram lamba T1, ƙaramin jirgin ƙasan cikin gari, yana wucewa ta bakin layinmu kuma duk inda muke so yana kai wa, katin nan kuma har jirgin ruwa yana shiga. Abin da ya fi ba ni mamaki, a kan teburin nasa akwai tarin takardun tallan yawon jirgin ruwa na dare mai abinci da kiɗa, na ɗauki ɗaya na tambaye shi, na san sarai in na saya ta hannunsa akwai ɗan abin da zai samu. Ya karɓe ta daga hannuna ya mayar wurinta, ya ce ba naku ba ne wannan, ku hau jirgin fito da mutanen gari suke hawa zuwa aiki, ruwan ɗaya ne.

Kuma haka aka yi. Asabar muka bi takarda layi layi. A Topkapi ɗakin kayan amana ne ya riƙe mu, inda aka ajiye takubba da kayan da ake dangantawa ga Manzon Allah (SAW) da sahabbai, ga mai karatun Alƙur'ani a zaune a gefe yana yi ba tsayawa, uwargida ta tsaya ta kasa gaba sai hawaye, mai gadi ya bar ta bai ce ta matsa ba. Azahar muka yi a Ayasofya, Baba ya riga ya gaya mana ƙofar masu sallah daban take da ta masu zuwa kallo, kada mu ɓata lokaci a dogon layin da ba namu ba. Ina zaune bayan sallama ina kallon ƙubbar nan ina lissafi, ginin da aka gama a shekarar 537, ya yi shekara fiye da 900 yana coci kafin Sultan Muhammad Fatih ya ci garin a 1453 ya mai da shi masallaci, daga baya aka mai da shi gidan tarihi, sai 2020 aka dawo da sallah a cikinsa, ga ni nan da jiƙaƙƙiyar safa a kan kafet ɗinsa. Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya 6 yana fuskantarsa, mun leƙa mun fito don yunwa ta fara magana.

Wajen abinci ma sai da takardar ta cece mu. A titin nan na kusa da masallatan kowane gidan abinci akwai saurayi a ƙofa da menu mai hotuna yana jan hannun riga, my friend my friend, Baba ya rubuta mana a ƙasan takarda da manyan baƙi cewa duk inda aka kira ku kada ku shiga. Ya tura mu can sama wajen masallacin Sulaimaniyya, aikin magini Sinan da aka gama a 1557, ya ce daura da shi akwai jerin masu dafa wake. Na ce a raina wake kuma, na taso tun daga uwa duniya in ci wake? To na ci maganata. Farin wake ne a cikin jan romo mai man shanu, ya dahu luguf amma bai farfashe ba, da shinkafa a gefe da ayran mai sanyi, wato tsinkakken nono mai ɗan gishiri, muna zaune kafaɗa da kafaɗa da ɗalibai da 'yan kasuwa ba wanda ya kalle mu sau biyu. Faranti biyu na tashi da shi. Daga nan muka gangara kasuwa, shaguna wajen 4,000 a ƙarƙashin rufi ɗaya, mun ɓata sau uku, abin da aka kashe a can kuma ba zan faɗa a bainar jama'a ba.

Lahadi muka je Eyup ziyarar kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari, muka dawo Eminonu muka hau jirgin fito zuwa Uskudar, minti kamar ashirin kacal ka bar Turai ka shiga Asiya, mai shayi na zagayawa da tire, yara na gutsura simit, burodin nan mai zobe da riɗi, suna jefa wa tsuntsayen teku su kuma suna cafewa a iska. Da yamma muka ci kifi a cikin burodi da albasa a bakin gadar Galata, masunta jere a sama da sandunan ƙugiya, muka sha ruwan rumman da aka matse a gabanmu. A kan gadar ne wani mai goge takalmi ya wuce mu burushinsa ya faɗi, har na sunkuya zan ɗauka uwargida ta riƙe min hannu, don wannan ma Baba ya faɗa, ka ɗauka ka miƙa masa ya ce zai goge maka kyauta don godiya, a ƙarshe ya tsare ka da kuɗi.

Ni abin da nake ta tunani tun da muka dawo, me ya sa wannan ya zama abin mamaki har da rubuta wasiƙa? Shayi ne fa da kujera da gaskiya. Na yi tafiye-tafiye ba laifi, na kwana a otal masu tauraro huɗu da biyar inda ƙofa ke buɗe kanta, amma ka tambayi ina zan ci abinci sai a tura ka wajen da za a ba su kamasho, ka ce famfo ba ya zuba a ce ana zuwa har ka bar garin ba a zo ba, ka nemi a maido maka kuɗinka a yi ta wasan ƙwallo da kai daga wannan tebur zuwa wancan, kowa na cewa manaja ba ya nan. Sun iya murmushi lokacin da kati ke hannunka, da zarar na'ura ta ce an biya shi kenan ka zama kaya. Kuma ba otal kaɗai ba, ofisoshi, bankuna, wuraren sayar da tikiti, ko'ina sai ka tarar da wani a bayan gilashi yana yi maka kallon ka zo ka dame shi, alhali don kai aka ajiye shi a wurin. Wani lokacin ma tun daga launin fatarka ko fasfon da ka miƙa an gama yanke maka hukunci. Har mun saba, mutum ya shiga wuri da shirin faɗa a aljihu, shi ya sa da Baba ya ja wa matata kujera sai da na yi zargin akwai wata a ƙasa, Allah ya yafe min.

Manaja, ranka ya daɗe, ban san nawa kuke biyan mutumin nan ba amma ku riƙe shi da kyau. Da za mu tafi Litinin da asuba shi ya sauko mana da akwatuna daga hawa na uku, na dunƙula masa wani abu a hannu ya mayar min cikin aljihun kwat ya dafa ƙirjinsa, sai da uwargida ta ba shi kwalin alewar da ta sayo ta ce na jikoki ne sannan ya karɓa. A gaishe da matar da ke gyaran ɗakuna wadda ta shanya mana takalma a kan hita ba tare da an roƙe ta ba, da kyanwar nan mai ido ɗaya da ke kwana a kan kujerar baƙi.

Sannan Baba, ka yi haƙuri, katinka na Istanbulkart yana wajena. Jiya uwargida ta tsince shi a aljihun wando za ta yi wanki, tare da takardar taswirar duk ta yamutse. Akwai sauran 'yan lira a ciki. Wani abokina zai shigo garin wata mai zuwa, na ba shi kwatancen lungun, zai kawo maka shi hannu da hannu, takardar dai uwargida ta ce ba za ta bayar ba.