Amsa ga Hajiyar da ta tambaye ni kan ƙungiyoyin ɗalibai masu haruffan Girka a Amurka

Assalamu alaikum Hajiya, ya gida ya yara, da fatan kowa lafiya.

Na ga tambayar da kika jefo min a bainar jama'a, tunda kuma a fili kika yi ta gara in amsa a fili don na san ba ke kaɗai ce abin ke damu ba. Kin ce yaronki ya samu gurbin karatu a Amurka, ya turo miki hotunan wasu manyan gidaje a gefen makaranta kowanne da haruffa biyu ko uku na Girkanci a goshinsa, yace abokansa na ta zuga shi ya shiga. Kina so ki sani ko addinin gumakan Girkawa ne aka ɓoye a ciki, ko kuma irin ƙungiyoyin asirin jami'o'inmu ne, kuma ki bar shi ya shiga ko a'a.

Maganar gumaka dai ki cire ta a ranki, waɗannan ƙungiyoyin ba daga Girka suka zo ba, a Amurka aka haife su. Ranar 5 ga Disamba 1776 wasu ɗalibai biyar a kwalejin William and Mary da ke jihar Bajiniya suka kafa ta farko, a lokacin kuma ɗalibi ba ya shiga kwaleji sai ya iya Latin da Girkanci, kamar dai yadda almajirin ilimi a wajenmu ba ya rabuwa da Larabci. Sai suka zaɓi wata jimla ta Girkanci mai nufin son hikima shi ne jagoran rayuwa, suka ɗauki harafin farko na kowace kalma, shi ne ya ba da Phi Beta Kappa. Muhawara suke yi da rubuce-rubuce, suna da gaisuwar hannu ta sirri, shikenan. Irin masu zaman tare da shagali da ake gani yau kuwa tushensu kwalejin Union ne a jihar Niyok a 1825, na mata suka biyo baya, akwai wadda aka kafa a 1851 a jihar Jojiya. Kai ko sunan da ake kiran su da shi, firataniti na maza da sororiti na mata, daga Latin yake, ɗan'uwa da 'yar'uwa kenan.

Su kansu haruffan da suka tsorata ki 'yan'uwan namu ne. Girkawa daga wajen Finisiyawa na gaɓar Labanan suka aro rubutu wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suka ƙara masa wasula. Ki faɗi alfa, bita, gama, delta a hankali, sannan ki tuna abajada ta makarantar allo, alif, ba, jim, dal, za ki ji tushe ɗaya ne har jerin bai canza ba.

Eh akwai abubuwa a tsohuwar Girka da suka yi kama da wannan rayuwar, amma kama da wane ba ta wane. A Isparta kowane namiji baligi sai ya kasance cikin wani rukunin cin abinci na mutum kamar 15, idan sabon mutum na son shiga kowa sai ya jefa ɗan curin burodi a cikin kwano, in aka samu ko guda ɗaya da aka matse to an ƙi shi. A Atina kuma masu hali na yin zaman dare na maza zalla a kishingiɗe, ana surka giya da ruwa ana waƙa ana gardama, wasu ƙungiyoyin abokai na irin waɗannan 'ya'yan manyan har da hannunsu a kifar da dimokuraɗiyyar birnin a shekara ta 411 kafin Miladiyya. Abin da ke min ciwo wallahi shi ne yaran yanzu ɓangaren giyar suka riƙe suka bar gardamar ilimin, alhali ita ce ainihin gadon Girka, ita ce ta masanin falsafa Sukurat da aka yanke wa hukuncin kisa a 399 kafin Miladiyya saboda tambayoyinsa sun ishi mutanen gari, da ɗalibinsa Aflaton, da Aristotal. Kuma wannan gadon mu ma ya iso mana ta hanyar Larabci tun fassarar da aka yi a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, ilimin manɗiƙi da malamanmu ke karantarwa a zaure asalinsa na Aristotal ne, Shehu Magili da ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa har musayar baitoci ya yi da Imam Suyuɗi yana kare karatun manɗiƙin. Don haka malamin zaure mai karantar da manɗiƙi ya fi da yawan masu sa rigar haruffan nan kusanci da Girka.

Batun asiri kuma, ba ɗaya suke da namu ba. Namu ma da farko ba da kisa aka fara ba, Wole Soyinka da abokansa shida ne suka kafa ta farko a Ibadan a 1952, daga baya wasu suka ɓullo da adda da bindiga. Na Amurka yawanci makaranta ta san da su, suna da rajista da gida da shugabanni sanannu, suna tara kuɗin taimako, tsofaffin mambobi na sama wa ƙanana aiki. Baƙar fata ma da aka ƙi karɓa a na Turawa nasu suka kafa, Alpha Phi Alpha a jami'ar Cornell a 1906 wadda Martin Luther King ya shiga, Alpha Kappa Alpha ta mata a jami'ar Howard a 1908 su Kamala Harris kenan, shi Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duk 'yan Phi Beta Sigma ne. Har Musulmi sun kafa tasu a jami'ar Texas da ke Dallas a 2013, Alpha Lambda Mu, wato alif lam mim, ba giya a cikinta.

Inda nake jin tsoro Hajiya shi ne makonnin gwaji kafin a karɓi yaro. Lokacin da nake karatu a can akwai wani yaro da muke zama benci ɗaya a ajin ƙarfe takwas na safe, mai fara'a ne sosai, da ya fara neman shiga sai ya dinga zuwa da kwat da nakatayal idonsa jajur kamar garwashi, wayarsa a tafin hannu don duk lokacin da manyan gidan suka kira ko ƙarfe uku na dare ne dole ya tashi ya je, wata rana ina kallo biro ya suɓuce daga hannunsa yana barci a zaune, da na tambaye shi lafiya sai kawai yace an hana su faɗa. Wannan zangon bai ci darasin ba. Nasa ma da sauƙi. A Fabrairun 2017 a jami'ar Penn State an ɗirka wa wani yaro ɗan shekara 19 giya kofi 18 cikin ƙasa da awa ɗaya da rabi, ya faɗo daga matakala, aka bar shi kwance kusan awa 12 kafin a kira motar asibiti, ya mutu. Irin waɗannan mace-macen ne suka sa a Disambar 2024 aka sa hannu a dokar tarayya da ta tilasta wa jami'o'i bayyana rahoton irin wannan cin zalin.

Ra'ayina, kuma da zuciya ɗaya nake faɗa miki, kada ya shiga kowacce a shekararsa ta farko. Ya fara sanin gari, ya nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta 'yan Afirka don kaɗaicin nan shi ke tura yara, kuma kaɗaicin gaskiya ne kada ki raina shi, yaron da ya saba da gida cike da mutane ya wayi gari shi kaɗai a ɗaki ga sanyi ga dusar ƙanƙara. In shekara ta zagayo yana nan kan bakansa, to ya faɗa miki sunan ƙungiyar, nawa ake biya duk zango don kuɗin ba kaɗan bane, ana shan giya a gidan ko ba a sha, kuma ya duba shafin makarantar ko an taɓa dakatar da su. In kuma Girkar ce ke burge shi, akwai darasin tarihinta da falsafarta a kusan kowace jami'a a can, ya yi rajista ko na zango ɗaya ne.

Ki turo min sunan ƙungiyar in ya faɗa miki mu duba tare. Allah ya tsare mana shi ya ba shi abin da ya je nema, a gaida Alhaji.