Wasiƙa daga Tawa a kan "donk"

Aminina Isufu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan Tawa sai godiya.

Ka yi mini tsiya cewa a saƙon muryar da na aiko maka kusan kowace jimla da "donk" na fara ta. Ai ba ni kaɗai ba ne. Zauna a kowace fada a Yamai kafin shayi na biyu ya sauka, za ka ji ta har ta gundure ka, har a bakin wanda bai taɓa shiga lakwal ba.

Kalmar Faransanci ce, jikar Latin. Aikinta a ce magana ta biyu dole ta fito daga ta farko. Da ita Dekart, masanin falsafar nan na Faransa, ya ɗaure maganarsa a 1637, wadda aka sa mu haddace a ajin ƙarshe na lise, wato sakandare: ina tunani, donk ina nan. A Latin "ergo" ce a gurbinta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, inda Bafaranshe ke da kalma guda, mu kalmomi biyu gare mu. In na ce an yi ruwa, saboda haka ƙasa ta jiƙe, daga sanadi na gangaro. Ita "saboda" ma daga "sabab" na Larabci take, kamar yadda "dalili" ya zo daga can. Amma in na fito da asuba na ga tsakar gida jagab, na ce an yi ruwa ke nan, daga alama na hau zuwa sanadi. Nan ake zamewa. Wataƙila randa ce ta fashe, ko yara suka bar famfo a buɗe. "Ke nan" tana zuwa a ƙarshe kamar an buga hatimi, shi ya sa mai musu ke son ta, ko da hujjarsa ba ta da ƙafa.

Kuma kada wani ya ce maka Turawa suka kawo mana wannan ilimi. Malaman zaure sun daɗe suna karantar da manɗiƙ, wato ilimin kafa hujja, suna kiran abin da ya fito daga muƙaddima biyu, wato maganganun da aka fara shimfiɗawa, natija. Almagili, wanda ya bi ta Ayar ya isa Kano a zamanin Rumfa, har ja-in-ja ya yi da Suyuɗi, malamin Masar, don kare wannan fanni.

"Donk" ta fada kuwa ba ta ɗauke da komai. Shekaranjiya wani ɗan kabu-kabu ya ce da ni, "Donk, ina za mu?" Ba muƙaddima, ba natija, gyaran murya kawai.

Ka gaida Hajiya da yara. Kilishin da ka ce, sai an samu mai tahowa wajenku.

Naka,
Mamman